Tarwaɗa, Ramboshi ko Ruwa-Biyu: Wanne Za Ka Zuba a Tankinka?

Ƙanena ya gama gina tankuna biyu na siminti a bayan gidansa, ya ja musu ruwa daga rijiyar burtsatse, sannan ya same ni bayan La'asar da tambayar da ya kamata a ce ya yi tun kafin ya sayi bulo. Ya ce, "Yaya, masu sayar da iri sun ruɗa ni. Wannan ya ce in ɗauki tarwaɗa zalla, wancan ya ce haibirid ne ke kawo kuɗi, wani kuma ya rantse mini ramboshi ya fi su duka girma. Wanne zan zuba?"

Na ce, "Zauna tukuna. Wa za ka sayar wa? Kuma wata nawa aljihunka zai iya ciyar da su ba tare da ka ci bashi ba?"

Bai da amsar ko ɗaya a cikin biyun. Ba shi kaɗai ba ne, yawancin masu fara kiwon kifi haka suke shigowa, da tanki a shirye da kuɗin iri a hannu, amma ba su san halin dabbar da za su ajiye ba. Shi ya sa na ga ya dace in rubuta abin da na gaya masa a ranar, da abin da ban samu damar gaya masa ba saboda an kira Magariba.

Kifayen nan uku dangi ɗaya ne. Dukkansu ba su da ɓawo a jiki sai santsi da yauƙi, kansu faffaɗa ne mai ƙashi kamar kwalkwali, suna da gashin-baki guda 8, da ƙaya mai kaifi a fiffiken kowane gefe na ƙirji, wadda duk mai kama kifi da hannu ya taɓa jin zafinta. Babban abin da ya haɗa su kuwa yana ɓoye a cikin kai. Idan ka fasa kan tarwaɗa, a saman jajayen sassan nan da kifi ke numfashi da su a ruwa za ka ga wata tsoka ja mai rassa-rassa kamar ƙaramin itace. Da ita take shaƙar iska kai tsaye. Wannan ne dalilin da ya sa za ka ga tana hawowa saman ruwa ta haɗiyi iska ta koma, kuma shi ya sa dillali ke iya loda su a bahon roba da ɗan ruwa kaɗan, a yi tafiyar sa'o'i a mota, a isa kasuwa suna motsi. Karfasa ba za ta jure rabin wannan ba. A kan wannan 'yar tsoka aka gina dukkan sana'ar kiwon tarwaɗa a Najeriya, ƙasar da ta fi kowace ƙasa a Afirka samar da wannan kifi ta hanyar kiwo.

Bambancinsu na zahiri a gadon baya yake, kuma ya kamata duk mai sayen iri ya haddace shi. Tarwaɗa, wadda masana ke kira Clarias gariepinus, fiffikenta na baya guda ɗaya ne dogo, ya taso daga bayan kai ya tafi har kusa da wutsiya ba yankewa. Ramboshi kuwa, ɗan jinsin Heterobranchus, bayansa kashi biyu ne: fiffike mai silin ƙashi a gaba, sai wata tsoka mai kitse marar ƙashi ta biyo baya har gindin wutsiya. Ɗan ruwa-biyu, wato haibirid ɗin da ake samu idan aka haɗa su, yana ɗaukar tsakiya. Fiffikensa bai kai na tarwaɗa tsawo ba, kuma a ƙarshensa akwai 'yar guntuwar tsokar kitse da ba ta kai ta ramboshi ba.

Ramboshin ma iri biyu ne aka fi sani a ruwanmu. Akwai bidorsalis, wanda fiffikensa na gaba ya fi tsawo, akwai kuma longifilis mai dogon gashin-baki, wanda ƙarshen tsokar kitsensa baƙi ne. Tarwaɗa ita ma tana da 'yar'uwa a ruwan Sahel, Clarias anguillaris, da ido ba ya raba su cikin sauƙi, masunta kuma duk tarwaɗa suke ce musu. Ga mai kiwo a tanki wannan bai cika damunsa ba.

Inda kowanne ya taso

Idan kana son sanin yadda kifi zai yi a tankinka, ka duba inda Allah ya ajiye shi tun asali.

Tarwaɗa 'yar fadama ce. Tana cikin koguna da tafkuna da madatsun ruwa, daga Tiga da Challawa har Kainji da Tafkin Chadi, kuma kusan duk faɗin Afirka akwai ta har zuwa Gabas ta Tsakiya. Sunanta na kimiyya ma daga kogin Gariep na Afirka ta Kudu aka samo shi, inda wani Bature ɗan Ingila mai suna Burchell ya bayyana ta a 1822. Amma inda ta fi nuna halinta shi ne ruwan da ke zuwa ya tafi: dausayin Haɗeja da Nguru, fadamun Sakkwato da Rima, gefen Binuwai. Da ruwan damina ya sauka kogi ya fara tumbatsa, sai tarwaɗa ta bi sabon ruwa ta haura cikin ciyawar da ambaliya ta shafe. A nan take zuba ƙwai da dare, a ruwa marar zurfi, ƙwan ya manne a jikin ciyawa, iyayen su juya su tafi abinsu. Ba gadi ba reno. Cikin kwana ɗaya zuwa kwana ɗaya da rabi ƙwan ya ƙyanƙyashe, bayan kamar kwana 3 'ya'yan sun shanye gwaiduwar da ke cikinsu sun fara neman abin da za su ci. Dole su yi sauri, don ruwan da aka haife su a ciki ba zai kai baɗi ba.

Ina yaro na ga ƙarshen wannan labari da idona. A tsakiyar rani, wani kududdufi da ke bakin fadamar garinmu ya janye har ya zama taɓo mai kauri kamar kunu. Duk sauran kifaye sun mutu tuni, shamuwa da balbela sun gama da su. Muka shiga da ƙafa, taɓo har gwiwa, sai ka ji abu ya zille a ƙarƙashin tafin ƙafarka. Tarwaɗa ce, baƙa ƙirin, jikinta duk laka, tana ɗago baki tana haɗiyar iska. Wani dattijo masunci da ke zaune a inuwa yana gyaran koma ya hango ni na kai hannu zan damƙe ta ta ciki, ya daka mini tsawa, "Kai yaro, ta kai ake kama ta! Sa yatsunka bayan ƙayar." Na ce, "Baba, ba za ta mutu ba a nan?" Ya ce in dai jikinta da danshi tana nan, in kuma aka yi yayyafi da dare sai ta ja ciki ta koma wani ruwan. Daga baya na tabbatar haka ne: tana dogara ƙayoyin ƙirjinta a ƙasa, tana murɗa jiki, ta ratsa jiƙaƙƙiyar ciyawa. Abin da ba ta iyawa shi ne abin da gaiwa ke yi, wato ta shige busasshiyar ƙasa ta naɗe kanta ta kwana watanni. Tarwaɗa idan taɓon ya bushe ƙarƙaf ta mutu.

Kifin da ya taso a irin wannan wuri yana jure cunkoso, yana jure ruwa mai datti da ƙarancin iska, yana cin duk abin da ya samu, ƙwari, tsutsa, katantanwa, 'ya'yan itace, mushe, ƙananan kifi. Kuma yana balaga da wuri, domin wanda ya jinkirta haihuwa a fadama ba zai bar baya ba.

Ramboshi ɗan babban kogi ne. Gidansa gurbi mai zurfi a Neja da Binuwai da manyan tafkuna, inda ruwa ba ya ƙafewa. Da rana yana kwance a ƙasa, da dare ya fito farauta. Shi ma yakan bi ambaliya don haihuwa, amma ba shi da gaggawar tarwaɗa. Yana ɗaukar lokaci kafin ya balaga, ƙarfinsa a shekarar farko yana tafiya ne a gina jiki. An sami longifilis da ya kai tsawon mita ɗaya da rabi da nauyin kilo 55. Gaskiya ne tarwaɗar daji ma idan ta shekara da yawa takan yi girman ban mamaki, amma mai kiwo ba shekara goma zai jira ba. Abin da ya shafe shi shi ne abin da ke faruwa tsakanin wata na 1 da wata na 12, kuma a nan ne hanyoyinsu ke rabuwa.

Girma da balaga

A watannin farko tarwaɗa ba ta da abin kunya. Idan iri mai kyau ne, abinci wadatacce, ruwa ana canja shi, daga matsakaicin iri za ta iya kai kilo 1 a wata 5 zuwa 6. Matsalar tana farawa ne bayan nan. A tanki tarwaɗa kan fara balaga tun kafin ta cika shekara, wasu tun wajen wata na 7. Matan su fara tara ƙwai, ciki ya kumbura, abincin da kake zubawa da tsada ya koma gina ƙwan da ba wanda zai biya ka kuɗinsa. Mai sayen kifin farfesu zai ɗaga ta ya ga ciki tulu guda, ya san rabin abin da ke ciki zubarwa zai yi ko ya ba da kyauta. Daga wannan lokaci kowane buhun abinci yana ba ka nama ƙasa da wanda buhun baya ya bayar.

Ramboshi bai san wannan matsala ba a shekararsa ta farko. Balagarsa sai ya haura shekara, bidorsalis ma yakan fi haka jinkiri. Don haka yana ci gaba da ƙara nama a daidai lokacin da tarwaɗa ta fara ja da baya. Ɗan ruwa-biyu ya gaji wannan daga ubansa ramboshi, ya kuma gaji juriya daga uwarsa tarwaɗa. Shi ya sa idan ka ga kifin kiwo mai kilo 2 ko 3 a kasuwa, jiki a murɗe, ciki a ɗame, sau da yawa idan ka duba bayansa za ka tarar da 'yar tsokar kitsen nan.

Sai dai kada a yaudare ka da wannan. Mutane na jin "ya fi girma" sai su ɗauka a wata 4 za su ga bambanci. A abin da na gani, a wata 3 zuwa 4 tarwaɗa mai kyau da ruwa-biyu kusan kafaɗa da kafaɗa suke tafiya. Fifikon ruwa-biyu na mai dogon numfashi ne. Wanda zai kwashe kifinsa da wuri ya biya kuɗin irin da ba zai ci moriyarsa ba.

Samun iri

A nan tarwaɗa ta yi wa sauran fintinkau. Dukkansu ba sa zuba ƙwai da kansu a tanki, sai an yi wa uwar allura. Masu ƙyanƙyasa suna amfani da magunguna irin su Ovaprim, wajen rabin mililita ga kowane kilo na uwa, a yi allurar da yamma, da safe a matse cikinta ƙwai ya zubo a kwano. Namijin kuwa ba a iya tatsarsa, sai an yanka shi an ciro 'ya'yan marainansa an matse a kan ƙwan. Uwar tarwaɗa guda mai kilo 1 tana ba da dubun-dubatar ƙwai, kuma wadda aka raina a tanki, muddin ruwa na da ɗumi, ana iya samun ƙwanta kusan kowane lokaci na shekara. Shi ya sa irin tarwaɗa ya fi araha, ya fi yawa, kuma za ka same shi a kusa da kai ba sai an yi masa doguwar tafiya ba.

Ramboshi ya fi wuyar sha'ani. Iyayen suna da tsada don sai an ciyar da su fiye da shekara kafin su yi amfani, kuma uwar ramboshi, musamman bidorsalis, ta fi ba da ƙwai mai kyau a damina. Saboda haka masu ƙyanƙyasa suka fi haɗa ƙwan tarwaɗa da namijin ramboshi. Wannan haɗi shi ake kira Heteroclarias. Masana a Afirka ta Kudu ne suka fara ba da rahoton yin sa a 1985, daga baya aka yi aiki sosai a kansa a Kwaddibuwa da kuma nan gida, ciki har da cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa da ke New Bussa kusa da madatsar Kainji. Ka lura da abin da wannan ke nufi ga farashi: duk lokacin da aka yi ruwa-biyu, an yanka namijin ramboshin da aka daɗe ana ciyarwa. Ƙwan da ke ƙyanƙyashewa a irin wannan haɗi kuma sau da yawa bai kai na tarwaɗa zalla yawa ba. Kuɗin nan duk a kan ɗan kifin da za ka saya yake komawa.

Wani abu kuma da sababbi ba su cika sani ba: ruwa-biyu ba ya yin uwa ta kirki. Wasu sukan yi ƙwai, amma 'ya'yan da za su fito ba su da tabbas, ana samun raunana da naƙasassu da girma marar daidaito. Wanda ke da burin watarana ya riƙa ƙyanƙyasar nasa iri, ya san cewa da ruwa-biyu kullum sai ya koma wurin mai iri. Kuma ina roƙon duk mai kiwonsa a kusa da kogi ko fadama ya kiyaye kada ambaliya ta kwashe su zuwa cikin ruwan daji su gauraya da na asali. Irin ramboshi tsantsa da ke kogunanmu dukiya ce da ba a sake ƙera ta idan ta gurɓace.

Cin juna

Wannan shi ne abin da ya fi cinye jarin mutane ba su sani ba, kuma ni ma ya taɓa ni.

Shekarar da na fara gwada ruwa-biyu, na sayi 'ya'ya 1,000 a wurin wani mai ƙyanƙyasa, na zuba a tanki ɗaya. A makon farko na lura da wasu 'yan ƙalilan da suka fi saura girma, na yi murna, na ce waɗannan su ne masu albarka. Ban ware su ba. Ina zuba abinci safe da yamma, ruwa na tafasa da kifi, ban taɓa ganin gawa ta taso ba. Sai wata safiya da nake zubar da ruwa na ga 'yan kawuna a bakin bututu, kai kawai ba jiki. Ranar da na zauna na ƙirga, bayan wajen mako 6, abin da ya rage bai kai 700 ba, kuma a ciki akwai wasu guda goma sha da suka yi ninkin-ba-ninkin sauran, cikinsu tam. Su ne suka ci 'yan'uwansu, da kuɗina a ciki.

Waɗannan su masu kiwo ke kira shuta. Tun suna ƙanana ƙwarai suke farawa: su kama ɗan'uwa ta wutsiya su haɗiye shi har wuya su yar da kan, idan sun ƙara girma kuma su haɗiye shi ɗungurungum ta kai. Tarwaɗa ma tana yi, kada wani ya ce maka ba ta yi. Amma jinin ramboshi jinin mafarauci ne, bakinsa ya fi faɗi, kuma ruwa-biyu ya fi tarwaɗa faɗa da cizo. Za ka ga tabon cizo fari-fari a jikinsu, gashin-baki a gutsure, wutsiya a yage, idan abinci ya yi jinkiri ko wuri ya yi musu ƙunci. Ta waɗannan raunuka cuta ke shiga.

Maganin ba ɓoyayye ba ne: a riƙa tace su ana ware manya daga ƙanana duk mako biyu a watanni biyun farko, a ba su abinci a kan lokaci kada yunwa ta kama su, a rufe wani sashe na tankin don duhu yana kwantar musu da hankali. Amma wannan aiki ne, kuma yana buƙatar tanki fiye da ɗaya. Ma'aikacin gwamnati da ke fita da safe ya dawo da yamma ya bar wa yara zuba abinci, ya auna wannan da kyau kafin ya ɗauki ruwa-biyu. Ga irinsa, gara ya sayi tarwaɗar da ta ɗan tasa, wadda ake kira jambo, ko da ta fi 'yan ƙananan tsada, don ta wuce lokacin da aka fi yin ɓarna.

Ruwa, wuri da sanyin hunturu

Dukkansu kifayen ɗumi ne. Sun fi ci da girma idan zafin ruwa yana wajen digiri 28 zuwa 30. A nan Arewa bazara ba ta cika damunsu ba in akwai inuwa da zurfin ruwa. Hunturu ne abin tsoro. A Disamba da Janairu, idan sanyin dare ya sauka a Kano ko Zariya ko Jos, ruwan tankin siminti da na tamfol yakan yi sanyi ƙarara, kifi ya kwanta a ƙasa ya ƙi ci, abincin da ka zuba ya ruɓe ya ɓata ruwa. Masu ƙyanƙyasa ma a lokacin suke shan wahala. Ba wanda ya tsira daga wannan a cikin ukun. Dabarar ita ce a rufe tanki da leda da dare, a canja ruwa da sassafe da na rijiyar burtsatse wanda ke fitowa da ɗumi, a jinkirta abinci sai rana ta ɗaga.

Amma ga inda lissafin ya shafi zaɓinka. Mai tarwaɗa yana iya kauce wa hunturu gaba ɗaya: ya zuba a Maris ya kwashe a Yuli ko Agusta, ya sake zubawa ya kwashe kafin sanyi ya yi tsanani. Mai neman ƙaton ruwa-biyu na wata 9 zuwa 12 kuwa da wuya ya tsallake, sai ya ratsa watannin da kifi ke ci kaɗan yana girma kaɗan, alhali fanfo da janareto ba su daina cin kuɗi ba.

Ta fuskar wuri, tarwaɗa ta fi haƙuri da matsatsi. Ramboshi da ɗansa sun fi sakewa a kududdufin ƙasa mai faɗi da zurfi, irin wanda ake haƙawa a fadama, inda kowa ke da wurin juyawa. Ana kiwon ruwa-biyu a siminti, ana kuma cin riba, amma sai an rage yawansu yayin da suke girma. Kifi mai kilo 2 kashin da yake fitarwa ba na mai rabin kilo ba ne. Kuma shaƙar iska da suke yi ba ta kare su daga gubar da kashi da ragowar abinci ke saki a ruwa. Idan ka ji tanki ya fara wari, ko ka ga sun tsaya a tsaye a saman ruwa kai sama wutsiya ƙasa ba sa motsi, ruwan ne ke ƙona su, a canja shi nan take.

Kasuwa da aljihu

Abinci shi ke cinye mafi yawan kuɗin kiwon kifi, fiye da rabi nesa ba kusa ba. Buhun kilo 15 ne, ana farawa da ƙananan ƙwayoyi masu furotin da yawa, a bi masu girman milimita 2, 3, 4, 6 har 9 yadda bakin kifi ke buɗewa. A wata na farko buhu ɗaya zai daɗe har ka ce sana'ar nan sauƙi gare ta. A wata na 5 sai ka ga buhu na ƙarewa kamar ana sata. Mutane da yawa a nan suke karyewa, su koma ba kifi dusa da ragowar tuwo, kifi ya tsaya cak, su sayar a wulaƙance. To idan wata na 5 haka yake, ka ƙiyasta wata na 10 da kifi mai ninkin wannan girma.

Shi ya sa na tambayi ƙanena wa zai sayar wa. Kasuwar kifi hawa-hawa ce. Masu kyafa kifi suna son ƙanana, 'yan wata 3, waɗanda uku ko huɗu ke yin kilo, don su ake lanƙwasawa a soke wutsiya a kai su yi zobe, su bushe da wuri a kan wuta ba su ruɓe ta ciki ba. Wannan kasuwa ta tarwaɗa ce, kuma tsohuwa ce a wurinmu, tun zamanin da bandar Tafkin Chadi ke fita daga Baga a manyan motoci zuwa kudu. Matan gida da masu farfesu da masu gashi na bakin titi suna son mai kilo ɗaya ko ƙasa da haka kaɗan, wanda mutum ɗaya ko biyu za su cinye. Nan ma tarwaɗa ta wadatar. Sai kuma manyan otal-otal da wuraren shaƙatawa da dillalan da ke lodi zuwa Abuja, irin masu kai wa kasuwar Kado, waɗanda ke neman ƙato kuma suke biyan kilonsa sama da na ƙarami. Wannan ita ce kasuwar ruwa-biyu. Namansa ya fi fari da tauri, yana yankuwa gunduwa-gunduwa ba ya dagargajewa a tukunya, kuma babu ƙwan da zai rage masa daraja.

Kasuwar manya tana da daɗi, amma ƙofarta ƙarama ce. Masu sayen ba su da yawa, sun san juna, kuma idan kifinka ya isa fitarwa ba ka da wanda ka yi magana da shi tun farko, su za su yanka maka farashi, don sun san kowace rana da ka ƙara kifin na cin kuɗinka. Mai ƙaramar tarwaɗa kuwa ko dillali bai zo ba, zai iya sayar wa maƙwabta kilo-kilo, ko ya kyafe ya ajiye.

Saboda haka ra'ayina a fili yake. Wanda yake farawa, da tanki ɗaya ko biyu a gida, da jarin da yake so ya juya sau biyu a shekara, ya ɗauki tarwaɗa, kuma ya kwashe ta kafin ta fara ƙwai. Wanda ya riga ya yi zagaye biyu ko uku ya san hannunsa, yana da kududdufin ƙasa ko tankuna da yawa, yana da ruwa wadatacce da kuɗin abincin wata 10 a ajiye, kuma yana da mai saye da ya yi masa alkawari, ruwa-biyu zai biya shi fiye da tarwaɗa. Ramboshi zalla kuwa na bar wa masu ƙyanƙyasa da masu babban fili. Kifi ne mai daraja, ni kaina ina jin daɗin kallonsa yana juyi a ruwa kamar gungume, amma irinsa na gaskiya yana da wuyar samu, yana da tsada, kuma mafi yawan abin da ake sayar wa sababbi da sunansa ruwa-biyu ne.

Ƙanena tarwaɗa ya zaɓa. Ranar da za a ɗauko irin na raka shi, muka isa da sassafe kafin rana ta yi zafi. Na sa aka ɗebo mana guda goma a farin kwano, muka tsuguna a haske muna duba bayansu ɗaya bayan ɗaya, fiffike ɗaya dogo har wutsiya, babu tsokar kitse. Na duba ko girmansu ɗaya, ko gashin-bakinsu cikakke ne, ko akwai mai lanƙwasasshen baya ko farin tabo. Na ce a watsa musu abinci kaɗan mu ga yadda za su taso masa, suka taso kamar an watsa tsakuwa a ruwa. Na tambayi mai wurin ranar da aka ƙyanƙyashe su, na kuma nemi ya nuna mana iyayen, don ɗan kifin da ya daɗe bai girma ba shi ma ƙarami yake a ido, kuma ba ya taɓa yin kirki. Ya nuna mana ba musu.

Da muka iso gida ƙanena zai juye jarkar kai tsaye, na riƙe hannunsa. Muka sa ta a cikin tankin ta yi kamar minti 20 ruwan ciki da na waje su daidaita, sannan muka karkata bakinta a hankali suka fita da kansu. Ya ce, "Yaya, tanki na biyun fa? Ko in ƙaro wasu in cika shi?" Na ce ya bar shi da ruwa kawai, nan da mako biyu shutocin da zai tsamo daga na farko a ciki za su zauna.